Bazarar da Inna Ta Kife Kasko

Yanzu idan na idar da sallar asuba na zauna a kan tabarmata, abin da kunnena yake fara kamawa shi ne babur ɗin ɗan maƙwabta yana tari kafin ya yarda ya tashi, sai injin niƙa na bakin layi, sai wayoyin jikokina da ba sa barci ko masu su sun yi. Kurciya kuwa sai na kasa kunne sosai kafin in ji guda ɗaya daga can bayan gidaje, ita ma ta yi kuka biyu ta yi shiru. Ba haka na tarar da Kontagora ba. Lokacin da aka kawo ni garin nan kurciya ce take tashin mutane, ita ce kuma take raka su har rana ta take tsaka, wannan ta kira daga tsamiya, waccan ta amsa daga gamji, har mutum ya daina jinsu don sabo. Hasbiyoyi, manyan nan masu jan ido da ɗige-ɗige a fiffike, suna sheƙa a ramukan katangar ƙasa da kan giginya. Idan aka shanya dawa a tsakar gida sai an zauna gadinta da sanda a hannu. Kwanan baya na ambaci hasbiya a gaban wani jikana, ya tambaye ni ko wata ƙawata ce ta da. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tsuntsayen nan sun taɓa kusa raba ni da gidan aurena, kuma ta dalilinsu na san wace ce uwar mijina.

Ni 'yar Auna ce. Mahaifina yana awon hatsi a kasuwa, mahaifiyata kuma Bakambara ce, a bakinta na koyi magana, don haka Hausata ta zo da wani kari da mutanen gari suke ji tun kafin in gama sallama. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya gan ni a wani zuwa da ya yi wajen kawuna, muka so juna, manya suka shiga maganar, aka kawo ni gidansu. Gida ne na malamai tun kaka da kakanni, zaure cike da littattafai da ƙamshin tawada, kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai mara lafiya a ɗaki. Ni kuwa na tashi a gidan da ake ƙwala wa mutum kira yana can ƙarshen gona ya amsa. Na sha wuya kafin in koyi rage murya, har yau ma 'ya'yana suna cewa ban gama koya ba.

Uwar mijina kowa Inna yake ce mata. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, carbi kullum yana lilo a wuyan hannunta. Mijina shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kama nawa, ba ta kallona ido cikin ido, ni ma idan na hango ta sai in durƙusa in sunkuyar da kai har ta wuce. Matan yanzu da suke zama kujera ɗaya da surukarsu suna kallon waya tare ba za su gane wannan ba, ban kuma ce namu ya fi nasu ba, kowa da zamaninsa. Idan Inna tana son wani abu a wajena, sai ta tsaya a tsakar gida ta fuskanci turmi ta ce, "A ce wa 'yar Auna miyar jiya ta yi daɗi, sai dai gishirin ya so ya fi kukar yawa." Ni kuma daga cikin ɗaki in amsa wa turmin da "To." Turmin nan ya ji magana a gidanmu. Da haka muke zaune, ban taɓa jin an tsane ni ba, ban kuma taɓa sanin ko ana sona ba.

A gindin tsamiyar da ke ƙarshen tsakar gida akwai wani babban kasko. Asalinsa gindin randa ne, randar da surukina marigayi, wanda duk gidan suke kira Malam, ya girke a ƙofar zaure don masu wucewa su sha. Randar ta fashe jim kaɗan bayan rasuwarsa, Inna ta ɗauko gindinta ta ajiye a inuwa ta cika da ruwa don tsuntsaye, ta kuma rantse a gaban mutane cewa muddin tana numfashi kaskon nan ba zai bushe ba, ladan ya je wa mijinta. Ruwan Malam ake ce masa. Dokarsa ɗaya ce, ana ƙarawa, ba a zubarwa. Inna ta ce abin da aka riga aka bayar sadaka ba a kuma sheƙar da shi a ƙasa. Shekara da shekaru rana ba ta ga cikin kaskon nan ba, gansakuka ta yi masa kore shar, Inna tana cewa ita ce take sanyaya ruwan. Tana ganin girman kurciya ƙwarai, saboda labarin da muka tashi muna ji na wadda ta yi sheƙa a bakin kogo ranar hijira. Duk yaron da ya shigo gidan da danƙon harbin tsuntsu ya san ba zai fita da shi ba.

Ban cika shekara a gidan ba gwiwoyin Inna suka fara damunta. Wata safiya ina tankaɗe sai na ji ta ce wa turmi, "A ce wa 'yar Auna ruwan Malam ya koma hannunta." Sai da rariya ta kusa suɓuce mini. Tana da 'ya'ya mata da suke aure a unguwar, tana da jikoki, amma baƙuwar da ta zo daga ƙauye da karkataccen harshe ta ba wa. Tun daga ranar, kafin in hura wuta, kafin in taɓa tsintsiya, nake jan guga in cika ƙwarya in je in tsiyaya a kaskon a hankali don kada gansakuka ta tashi. Sai in koma bakin ƙofata in zauna in ga yadda suke sauka, ƙananan kurciyoyi da farko, sai hasbiyoyi su zo da isa su ture su. Ina jin daɗin aikin nan fiye da yadda zan iya faɗi, domin a ganina ranar da aka ba ni shi na zama 'yar gida.

Bazarar shekarar ta zo da zafin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Ruwan sama ya yi jinkiri, rafuka suka ƙafe, kogin gari ya koma 'yan kududdufai nan da can, rijiya sai an ƙara wa guga igiya. Tsuntsayen daji suka shigo gari neman ruwa. Kaskon da na saba cikawa sau ɗaya ya zama sai na yi ta zarya, bakinsa baƙi ƙirin da tsuntsaye, suna taka juna. Inna tana murna, tana cewa ladan Malam ya ƙaru. A cikin wannan murnar na fara tarar da su. Ta farko kurciya ce, tana tsugune a gefen kasko ta kumbura gashinta, na zo dab da ita ba ta tashi ba. Gashin bakinta a jiƙe, wuyanta a kumbure, tana miƙa shi tana buɗe baki kamar wadda ƙashin kifi ya maƙale wa. Na ɗauke ta, ba nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa. Kafin azahar ta mutu. Washegari na tarar da wasu, jibi wasu. Ga tsaba a gabansu, su tsattsaga su ɗauka, ta faɗo. Yunwa da ƙishirwa suke kashe su a bakin abinci da ruwa, ni kuma nake kwashe su a tsohon faifai in kai bayan gida in binne.

A ɗakin Inna akwai Gwaggo, ƙanwar marigayi Malam, wadda ta dawo daga Beri bayan mijinta ya rasu. Ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta, ita ce ma ta koya mini dambun da har yau ake yabona a kansa. Sai dai mace ce da ba abin da yake faruwa a banza a wajenta. Idan ido ya yi rawa da dalili, idan kaza ta yi cara da dalili. Ita ta fara lissafa wa mata cewa ruwan Malam ya yi shekaru ba a taɓa ganin gawa a bakinsa ba sai da ya canja hannu. Ta haɗa da akuyar da ta yi ɓari, da rijiyar da ta ja baya, ta kuma tuna musu daga inda uwata ta fito, wai mutanen can ba a gama sanin abin da suke bauta wa ba. Kafin a jima kalmar ta fito fili, wai farar ƙafa gare ni, inda na taka albarka ba ta zama. Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Abin da na gani shi ne maƙwabciyarmu mai jego, wadda kullum take miƙo mini jaririnta in goya idan za ta yi wanka, ta shigo ta gan ni ta gyara goyonta ta wuce. Wannan ya fi zagi ciwo. Maigidana ya ce camfi ne, addini ya hana, ya karanto mini abin da ya karanto. Gaskiya ya faɗa, amma a ɗaki ya faɗe ta. A gaban Gwaggo, wadda ta yi masa wankan jarirai, duk karatunsa ba ya wuce "Haka ne, Gwaggo."

Sai wata safiya na fito da ƙwaryata na tarar da Inna a gindin tsamiya, ta dafa gwiwa tana tsiyaya ruwa da kanta. Ba ta juyo ba, ta ce wa tsamiyar, "A ce wa 'yar Auna ta huta." Na koma ɗaki na kifa kaina a kan gado na yi kuka har idona ya kumbura. Na ce shi ke nan, ita ma ta yarda. Ban fahimci abin da take yi ba sai da aka kwana biyu, tsuntsayen suka ci gaba da mutuwa yadda suke yi. Ranar da mata suka taru a gidan ana gyaran daddawa, Inna ta kwaso gawarwakin a faifai, maimakon ta bi ta bayan ɗaki sai ta ratsa ta tsakiyarsu ta dire a gaban Gwaggo.

"Ga na yau," in ji ta. "Ni na zuba ruwan, da wannan hannun. Yarinyar nan ko inuwar tsamiya ba ta taka ba."

Gwaggo ta leƙa faifan, ta taɓe baki. "Ƙafa aka ce, Yaya, ba hannu ba. Ai tana cikin gidan."

"To me kike so a yi?"

"Ni ban ce komai ba. Amma yarinya ta daɗe ba ta ga iyayenta ba. Ta je ta ga gida mana, in ruwa ya sauka a ga abin da Allah zai yi."

Ina jinsu daga ɗaki. Duk matar da ke wurin ta san irin wannan ganin gida, ana sa ranar tafiya, ba a sa ta dawowa. Kuma sunan zai riga ni isa Auna. Inna ta ɗauki faifanta ta wuce.

Tun da aka karɓe mini aikin ba ni da abin yi da safe sai zama a bayan asabari ina kallon kaskon, ina jin haushin tsuntsayen da za su kashe mini aure. A wannan kallon ne na lura da wani abu. Hasbiya mara lafiya za ta tsoma baki ta zuƙi ruwa, ta ɗaga kai, ruwan ya ƙi wucewa, ya dawo ta gefen bakinta da yauƙi ya zuba a cikin kasko. Ta sake, ya sake dawowa. Sai mai lafiya ta sauka a daidai wurin ta sha ta tashi. Na ga haka ya fi a ƙirga. Zuciyata ta ce mini ciwon nan a cikin ruwan yake kwana, kuma tunda ba a zubarwa, ba ranar da zai fita. Amma wa zan faɗa wa? In tsaya a gaban surukata, ni da ake zargi, in ce mata sadakar mijinta ce take kashe tsuntsaye? Ko turmi ba zan iya faɗa wa wannan ba.

Allah Ya kawo Ladi. Mai tukwane ce daga wajen Rijau, Kirista, Hausarta da karin Dukanci, tana bin gidaje da tukwane da tuluna duk lokacin da ta shigo gari. Ɗakina take sauke gajiya, domin ta ce ni kaɗai ce a unguwar ba na gyara mata magana. Ta ga idona ta tambaye ni, na kwashe komai na faɗa mata, har da abin da na gani. Ta shanye ruwan da na ba ta, ta goge baki, ta fita kai tsaye zuwa gindin tsamiya inda Inna take zaune, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sannu da gida, Inna. Kai! Wannan kasko yaushe rabonsa da rana?"

"Tun da mai randar ya tafi," in ji Inna.

"To wallahi ko ni na sha wannan sai na kwanta. Surukina yana kiwon tantabaru a can wajenmu. In wannan ciwon wuya ya shigo, ba ya tsayawa tambayar wa ya kawo, kife abin shansu yake yi a rana, ya raba masu lafiya da marasa lafiya. Ki duba mana, Inna. Mai ciwo ta kurɓa ta mayar, mai lafiya ta zo ta sha abin da aka mayar. Ni ban san sunan abin ba, amma baki da baki yake bi."

Inna ta ce, "Ladi, idonki ne ya ga wannan, ko aro kika yi?"

Ladi ta yi dariya. "Rabi nawa ne, Inna. Rabi aro."

Na ga inuwar kan Inna ta juyo wajen asabarina, ta daɗe a haka, sannan ta mayar.

Washegari Inna ba ta shiga ɗaki ba bayan ta zuba ruwa. Ta shimfiɗa tabarma nesa kaɗan ta zauna tana jan carbi tana kallo har hantsi ya ɗaga. Daga baya ta ɗauki wata kurciya da ta mutu, ta sa tsinke ta buɗe bakinta. Abin da ke ciki har Gwaggo sai da ta kau da kai, wani abu ne rawaya kamar gwaiduwar dafaffen ƙwai ya toshe maƙogwaron gaba ɗaya, ga wari. Inna ta ajiye ta, ta wanke hannu, ta tashi ta nufi kaskon. Ba ta aika zaure a tambayi ɗanta ba, matar malami ce, ta san nauyin rantsuwa fiye da mu duka. Gwaggo ta gane abin da za ta yi, ta sha gabanta.

"Yaya, rantsuwa fa kika yi. A gabana kika yi ta. Ruwan ɗan'uwana za ki kora ki bar 'yar mutane?"

"'Yar mutane ce shi ya sa," in ji Inna. "Iyayenta sun ba ni ita lafiya lau da sunanta mai kyau. Ba zan mayar musu da ita da wani suna ba. Malam bai taɓa miƙa wa baƙo ruwan da zai cuce shi ba, ni ce na yi ta yi da sunansa ban sani ba. Matsa."

Ta sunkuya da gwiwoyin nan nata, ta kama bakin kaskon ta ɗaga. Ruwan ya malala kore, da gashin tsuntsaye da ruɓaɓɓen ganye, ƙasa ta shanye. Ta ja shi zuwa tsakiyar rana ta kife.  Ba ta yi kuka ba, Gwaggo ce ta yi.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi komai wuya. Tsuntsayen suka ci gaba da zuwa a lokacin da suka saba, su sauka inda kaskon yake da, su yi ta zagaya ramin da ya bari, wasu su hau bayansa a rana suna tsattsaga. Inna ta sa a riƙa kora su don su watse su nemi kududdufan kogi, kada su taru wuri ɗaya. Matar da ta hana yara ko nuna su da yatsa, ita ce take kaɗa musu zane. Wasu kaɗan sun ƙara mutuwa, waɗanda ciwon ya riga ya kama, daga nan faifaina ya huta. Bazarar ta ja sosai kafin hadari ya haɗo ta gabas, ruwa ya sauka, kowane tsuntsu ya koma dajinsa. Ba wanda ya sake ta da maganar ganin gida. Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba, ba a yin haka a lokacin. Wata rana dai ta zo bakin ƙofata ta zauna ta tuɓe ɗankwali ta ce kitsonta ya tsufa. Na tsefe mata na yi mata sabo, na ɗan ja mata gashi fiye da yadda ya kamata, ta daure har na gama.

Da wata bazarar ta kewayo, Inna ta sa Ladi ta gina mata ƙananan kasake, aka rarraba su nesa da juna. Sabuwar doka ta fito ta bakin turmi, ruwa ba ya kwana, a zuba na jiya a gindin gwanda don kada ya tafi a banza, a cuɗe kasko da toka, wannan yana aiki wancan yana shan rana. Aikin ya dawo hannuna. Ba zan ce ba mu sake ganin mara lafiya ba, mukan gani jefi-jefi, amma da mun ga mai jiƙaƙƙen baki sai mu kife duka mu jira. Maƙwabta suka gani suka ɗauka, har ita mai jegon nan, wadda ɗan nata daga baya a bayana ya girma.

Akwai jikata da ta karanci lafiyar dabbobi. Na ba ta labarin nan, ta ce ciwon sananne ne, wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani take zama a maƙogwaron kurciya da tantabara tana ci, tana bin ruwan sha da tsaba, uwa ma tana ba 'ya'yanta a lokacin da take ciyar da su baki da baki, har shahon da ya ci mai ciwon yakan ɗauka. Ta ce abin da yake damunsu yanzu shi ne tsuntsayen sun riga sun yi kaɗan. Wannan ba sai ta faɗa mini ba. Tsamiyarmu an sare ta an yi ɗakuna, itatuwan da muke gani a hanyar Auna sun tafi a buhunan gawayi, maganin feshi ya ƙone ciyawar da suke cin 'ya'yanta, ɗana da yake noma wajen Mashegu ya ce ko a daji yanzu sai ka yi tafiya kafin ka ta da garke ɗaya. A zamaninmu ciwon ya ɗebi na ɗiba, saura suka cika gurbin a damina ɗaya. Yau 'yan da suka rage duk a famfo ɗaya mai yoyo ko robar kaji ɗaya suke haɗuwa, idan ya shiga cikinsu ba mai cike gurbi. Shi ya sa idan na ga an ajiye wa tsuntsaye ruwa a tsohuwar robar fenti ya yi kore, sai na tsaya na yi magana, ko gidan wa ye. Na san suna cewa tsohuwar nan ta cika sa ido. Su faɗa, na ji wanda ya fi wannan.

Inna ta rayu har ta ga 'ya'yana sun tasa, ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Mahaliccinta. Na ɗauka na san iyakar abin da ta yi mini, ina kuma gode mata a kansa kullum. Ana zaman makokinta, da la'asar, mutane sun ɗan ragu, Gwaggo ta yafito ni. Ta tsufa tukuf a lokacin, idonta ya yi hazo.

"'Yar Auna, zo ki ji abin da aka hana ni faɗa. Mai hanawar ta tafi."

Na matsa kusa da ita.

"Ranar da ta kife kaskon nan, washegari da azumi ta tashi. Na ce kaffarar rantsuwa ce, to, ta yi ta gama. Ta gama ba ta daina ba. Ta ce ita ta saba musu da ruwa ta kuma hana su, ba za ta riƙa kurɓa a inuwa suna zagaya rami ba. Haka ta yi ta yi, a zafin nan, da tsufanta, har ranar da ruwan sama ya sauka. Rannan ta sha a hannu daga indararo."

Na ce, "Gwaggo, ai kullum ina kai mata abincin rana, kwanon yana dawowa wayam."

"Ni nake cinyewa," in ji Gwaggo. "Ina ci ina yi mata faɗa. Ba ki ga ƙibar da na yi a bazarar ba?"

Dariya da kuka suka haɗe mini wuri ɗaya. Na ce, "Me ya sa ba a faɗa mini ba? Ai saboda ni ne. Da na taya ta."

"Shi ya sa. Ta ce in kika ji ba mai hana ki tayawa, ke kuwa ciki gare ki a lokacin. Ke ba ki ma sani ba tukuna, ita ta riga ta gani a tafiyarki."

Cikin ɗana na fari ne. Matar da ban taɓa kama ta tana kallona ba, ashe ta san tafiyata fiye da ni. Yau na girme ta a shekaru, gwiwoyina sun zama irin nata, ba ni da abin da zan saka mata da shi sai abin da nake faɗa bayan kowace salla. Ya Allah, Inna ta yi ƙishirwa saboda ni. Ka shayar da ita.